Tsohon Manomi da Taurari Bakwai

Akwai wani tsohon manomi da ya yi dukan rayuwarsa a ƙauye. Shi da matarsa sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan tuwon dare, su yi addu'a, taurari kuwa cike da sama ba su ƙidayuwa. Ya san da yawa a cikinsu, da su ma yake gane lokacin da damina ta ƙarato.

Ana nan sai matarsa ta rasu, ƙafafunsa kuma suka fara kumbura. 'Yarsa Rifkatu ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta, a wata sabuwar unguwa da ke bakin birni.

Ran da ya iso, da duhu ya yi, ya fita tsakar gida don ya yi addu'a. Ya ɗaga kai, bai ga kome ba sai wani ja-ja kamar hayaƙi. Kowane gida da ƙwan lantarki a kan katanga, ga fitilun titi, ga hasken gidan mai. Ya ce a ransa zai jira a ɗauke wuta. Da aka ɗauke, sai janareto suka tashi ta ko'ina. Ya koma ɗaki bai yi addu'ar ba. Haka ya yi wata biyu, ba ya addu'a, ba ya cin abincin kirki.

Rifkatu ta ce, "Baba, wani abu muka yi maka ne?"

Ya ce, "Ba ku yi mini kome ba, 'yata. Amma garin nan ba sama. Ni ina ganin ko Allah ma bai san inda kuka kawo ni ba."

Ta roƙe shi da hawaye kada ya koma ƙauye, gama ba mai dafa masa, ba mai kai shi asibiti.

Wata rana da asuba ya ɗaure kayansa a buhu, ya ɗauki sandarsa, ya fita a hankali zai tafi tasha. A bakin layi akwai wata gwauruwa mai toya ƙosai, tana hura wuta. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ina zuwa da kaya tun gari bai waye ba?"

Ya faɗa mata dukan abin da ke zuciyarsa.

Matar ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Ni ma daga ƙauye aka kawo ni, na yi wannan kukan. Zo ka gani." Ta kai shi bayan rumfarta, inda katanga ta tare fitilar titi. Ta ce, "Juya wa hasken baya. Sa hannu a gefen idonka. Kada ka yi gaggawa."

Ya tsaya. Da farko bai ga kome ba, har ya so ya tafi. Can sai ya ce, "Ga Gamzaki!" Jim kaɗan ya ga waɗansu uku a jere, sa'an nan wani fari mai ƙyalli a kusa da su. Ya ƙidaya har bakwai.

Ya ce, "Bakwai kaɗai? A garinmu dubbai ne."

Ta ce, "Bakwai ne, Baba. Amma ba su ne na garinku ba?"

Hawaye suka zubo a gemun tsohon. Ya ce, "Su ne. Ko wurin tsayuwarsu ba su sake ba." Ya durƙusa nan a kan ƙasa, da ƙyar saboda ƙafar, ya yi addu'a. Da ya gama, matar ta ɗauki buhun a kanta, ta raka shi gida. Suka tarar da Rifkatu a ƙofa ba takalmi, tana shirin fita nemansa.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Taurarin su ne alheran Ubangiji, fitilun kuwa hidimomin duniya ne da damuwarta. Ba duka ne mugaye ba, ai da fitila muke ganin hanya, sai dai suna kusa da ido ƙwarai. Wataƙila a cikinmu akwai wanda dā yake ganin hannun Allah ko'ina, yau kuwa rashi ko ciwo ko baƙunci ya sa ba ya ganin kome. Ɗan'uwa, ba a tsauta maka ba. Allah ya san inda kake. Ka sami wuri ka juya wa hayaniya baya, ka jira. In abu kaɗan ka gani, ka gode, gama daga wurinsa yake.

Ku kuma da kuka taɓa yin wannan kuka kuka wuce, ku duba layinku. Akwai wanda ya riga ya ɗaure kayansa. Ku tambaye shi ina zuwa.