Ranar da Kurege Ya Ce Ba Yau Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, Barau, ka sake tsunkulin ƙanwarka ka gani, sai tatsuniyar ta koma inda ta fito.

Wani Kurege ne manomi, ɗan mitsitsi kamar dunƙulen hannuna, amma in ya kama fartanya sai ku rantse su goma ne. Cutarsa ɗaya: ba ya iya jin kirari ya zauna. A garinsu kuwa, in damina ta kankama, gayya ake yi. Mai gona ya tuƙa tuwo, ya dama fura, ya kira maƙwabta su taya shi noma, makaɗi na bin su da ganga yana zuga su.

Makaɗin garin kuwa Gizo ne, uban haɗama. Ya lura da halin Kurege, ya lashe baki ya ce, "Kai, tsuntsu daga sama gasasshe!"

Sai ya tafi wurin Akuya. "Ki tuƙa tuwon mutum goma, gayyarki a wuyana."

Da sassafe ya tsaya ƙofar Kurege, gangan-gangan-gan! "Kurege mijin Dudu, gagara ciyawa! Rana ta gan ka ta nemi inuwa! Kai kaɗai gayya!"

Wutsiyar Kurege ta miƙe cir. Ya ajiye kunu ko kurɓa bai yi ba, sai gonar Akuya. Ya nome ta tas. Gizo ya share tuwon mutum goma, ya bar masa ƙanzo.

Akuya ta ce, "Gizo, ina sauran taran?"

Ya ce, "Suna cikin Kurege!"

Washegari gonar Jimina. Gangan-gangan-gan! Wutsiya cir, gona tas, Gizo ya cika tumbi. Daga nan fa kowa ya ji labari, yau nan, gobe can.

Ita kuwa gonar gyaɗar Kurege, ciyawa ta kai ta wuya. Matarsa Dudu ta ce, "Maigida, in ciyawa ta cinye gyaɗar nan, me yara za su ci da rani?"

Ya ce, "Gobe."

Gobe ta yi, ta sake tambaya. Ya ce, "Gobe dai."

Sannu a hankali Kurege ya fara zama wani iri. Ya dawo a gajiye liƙis, ya kwanta, barci ya ce ban san ka ba. Tuwo a bakinsa kamar ƙasa. Autansa ya zo hawa bayansa, ya daka masa tsawa, sannan ya zauna yana hawaye bai san dalili ba. Ran nan ya durƙusa gaban turmi ya ce, "Ina kwana, Inna?" Ya saɓa muciya a kafaɗa wai zai tafi gona! Ku yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi abin tausayi ne.

A haka Gizo ya kai shi gonar Giwa, gonar da ba a hango ƙarshenta. Kurege ya ɗaga fartanya, hannu ya ce a'a. Gizo ya ƙara wuta. Gangar da a da take masa daɗi, yau kamar a tsakiyar kansa ake buga ta. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, sai rigijib, ƙafafu sama.

Dudu ta goya shi sai gidan Kunkuru, tsohon mai magani. Tana kuka tana cewa, "Baba, sammu aka yi masa!"

Kunkuru ya miƙo wuya, ya dubi Kurege. "Kana jin yunwa?"

"A'a."

"Barci fa?"

"Ba ya zuwa."

"Yaushe rabonka da dariya?"

Kurege ya yi tunani, ya yi tunani, ya kasa tunawa.

Kunkuru ya ce, "Ba sammu ba ne, 'yata. Ko gona, in ana noma ta kowace shekara ba hutu, fako take zama, ko ƙaya ba ta fitarwa. Mijinki ya zama fako. A bar shi ya huta. Ga maganinsa: inuwa, fura mai sanyi, wasa da 'ya'yansa, da auduga a kunne."

To, Gizo fa ya riga ya cinye tuwon Giwa, ga gona ba a nome ba. Ya garzayo ƙofar Kurege, gangan-gangan-gan! Kurege kunne a toshe, yana ta minshari har da juyi.

Bayan kwana biyu Gizo ya hau rufin ɗaki, ya sauko da zarensa, ya zare audugar. Gangan-gangan-gan! Wutsiya ta miƙe cir! Dudu ta yi tsalle ta zauna a kanta daram. "Ina za ka? Sai dai ka tafi ka bar min wutsiyar!" Ta wawuri tsintsiya ta bi Gizo.

Ana nan, ana nan, tuwo ya dawo da ɗanɗanonsa, auta ya koma hawa baya. Gizo ya sake zuwa, ya buga har ganga ta yi zafi. Wannan karon Kurege da hannunsa ya cire audugar, ya fito. Dudu ta dafe ƙirji.

"Gagara ciyawa! Kai kaɗai gayya!"

Wutsiya ta motsa. Kurege ya dube ta, ta koma ta kwanta. Ya ce, "Gizo, kiɗa ya yi daɗi. Amma ba yau ba."

"Haba! Za a ce ka zama rago!"

"A ce."

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba don kunya: ya bi gida gida ya kira tasa gayyar. Akuya ta ce, "Yo da ma jira muke ka kira!" Jimina ta zo da gudu. Giwa ta iso da Gizo a naɗe cikin hancinta, ta dire shi tsakiyar gyaɗa. Aka ce ita kada ta shigo ta tattake shuka, ta tsaya bakin gona ta sa masa ido. Aka ba Gizo fartanya a kowace ƙafa. Kurege ya rataya ganga yana zaune a inuwa.

"Gizo mijin Ƙoƙi! Kai kaɗai gayya!"

Gizo na noma yana kuka, ƙafafu na harɗewa, sai Kurege ya fashe da dariya har da faɗuwa. Dudu ta ji dariyar nan, ta rangaɗa guɗa, don ta san mijinta ya dawo. Gyaɗa ta tsira, rumbu ya cika. Gizo kuwa wahalar ran nan ce ta tsuke masa ƙugu har yau.

To kun ji, jikokina. Kirari ba ya cika rumbu. In abinci ya daina daɗi, barci ya gudu, dariya ta ɓace, jiki ne ke magana, a saurare shi. A huta, a ce ba yau ba, a kira 'yan'uwa su kama.

Barau, me kake cewa? A ƙara wata? Ba yau ba!

Ƙungurus kan kusu, wanda ya gaji ya nemi tabarmarsa.