Mai Farantin Nasarawa da Tashar da Ya Cire Cikin Azumi

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An taɓa yin wani mutum a unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi, shekaru kaɗan bayan an ba mu jiha. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da zuriya.

Allah ya buɗa masa. Ya kafa ƙaton farantin tauraron ɗan adam a bayan shagonsa, ya ja waya gida-gida yana raba wa mutane tashoshin talabijin. Ana biyansa kuɗin shekara, shi kuma ya ba da takarda mai ɗauke da sunayen tashoshi shida. Ta shidan tasa ce ta gida, inda yake sa kaset ɗin bidiyo na karatun Alƙur'ani kullum bayan la'asar. Saboda ita dattawa da yawa suka yarda waya ta shiga gidajensu.

Mai karatun kuwa Malam Nu'uman ne, manomin shinkafa a fadamar Zauro. Tare suka tashi da mutumin nan, zaure ɗaya, malami ɗaya. Nu'uman bai da shago, bai da ko babur, amma Allah ya ba shi murya.

Da azumi ya kama, sai gari ya ɗauka. Mata na tankaɗen gari suna saurare. Masu tsire sun daina hira. Duk wanda ya shigo shagon mutumin nan, maganarsa ɗaya ce: "Kai, abokin nan naka Allah ya yi mishi baiwa!"

Ranar farko ya yi murmushi. Ranar biyar murmushin ya bushe. Ya riƙa cewa a ransa, farantina, wayata, injina, amma sunan wani ake kira? Ya tuna yadda malaminsu kan ce masa ya yi shiru ya ji yadda Nu'uman ke fitar da harafi. Shekara ashirin da biyar da wucewa, ashe abin yana nan kwance bai mutu ba.

Ku faɗa mini, me Nu'uman ya ɗauka nasa? Ko kwabo ba ya karɓa a kan kaset ɗin.

Ranar sha huɗu ga azumi, bayan la'asar, mutane suka kunna tasha ta shida. Sai ga ƙartin Turawa tsirara-tsirara suna kokawa. Ashe mutumin nan ya cire karatun, ya jona wata tashar waje, bai gaya wa kowa ba.

Wata dattijuwa, Hajiya Laure, wadda idonta ya yi rauni har ba ta iya duba Alƙur'ani, ta tako da sandarta har shagon.

Ta ce, "Ɗana, mi yas samu karatun? Ba don kokawa munka biya ba. Ga takardarka."

Ya ce, "Inna, injin bidiyon ne ya ƙone. Sai an kawo wani daga Legas."

Ta ce, "To, Allah shi kawo sauƙi." Ta juya tana masa addu'a.

Kun ji? Hassada ta haifi saɓa alkawari, saɓa alkawari ya haifi ƙarya. Da dattawan unguwa suka tare shi a ƙofar masallaci, sai ƙarya ta haifi rantsuwa. Da bakin azumi ya rantse cewa injin ya mutu.

Nu'uman ya ji labari a Zauro. Shi da zuciya ɗaya, ya tausaya wa abokinsa. Ya nemo wani makanike mai suna Hodi, wanda ya ƙware a gyaran bidiyo, ya kawo shi shagon da hantsi, ga mutane cike. Ya ce, "Ɗan uwa, ga wanda za ya duba muna. Kada ka damu da ladansa."

Mutumin nan ya so hanawa, ido ya yi yawa. Hodi ya leƙa bayan injin, ya ga waya a zare, an naɗe ta tsaf an ɗaure da kyalle. Ya mayar da ita, ya danna kaset ɗin. Nan take muryar Nu'uman ta cika shagon.

Hodi ya ce, "Wanga inji lahiya lau shike. Hannu yaz zare ta."

Babu wanda ya zagi mutumin nan. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Nu'uman ya dube shi, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a kan benci, ya fita.

Kafin sallah, gida bayan gida suka kwance wayarsa, suka naɗe, suka ajiye masa a bakin shago. Ba don kokawa ba. Sun ce wanda ya rantse da Allah a kan ƙarya, me zai hana shi sake canja musu abin da iyalinsu ke kallo? Wanda ya yi alkawarin ba ɗan mutumin nan auren 'yarsa ya janye. A sahu, mutane suka fara barin gurbi tsakaninsu da shi.

Ya kwashe kayansa ya koma Argungu don ya sake kafa sana'ar. Amma motocin albasa sun riga shi kai labari. Wata uku yana yawo da takarda, gida huɗu kawai suka karɓa, su ma suka fasa. Ya sayar da kayan a wulaƙance. Ƙarshensa ya zauna a rumfar wani mai kifi yana kora ƙudaje.

Nu'uman ya bi shi har can sau biyu don su shirya. Sau biyun yana hango shi sai ya zame ta bayan rumfa. Ko a cikin talaucin, ganin fuskar nan ƙuna ne a wurinsa. A haka ciwo ya kwantar da shi, a haka ya tafi, bai nemi gafarar kowa ba.

Ya 'yan uwa, abin da ka sa hannu za ka ba mutane, amana ce, ko tashar talabijin ce. Ba ka da ikon canja ta don zuciyarka ta yi zafi. Kuma baiwar ɗan uwanka ba daga rabonka aka yanko ta ba. Wanda ya ba shi murya, Shi ya ba ka dukiya. Idan ka ji ana yabon wani ƙirjinka ya ƙuntata, ka yi maza ka yi masa addu'a kafin hannunka ya motsa.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi, ya sa mu cika abin da muka ɗauka. Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe. Amin.