Gayyar Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake cin kasuwa a kan jaki, ana ce masa Nomau. Bamaguje ne, ba ya salla. Na ga wasu har sun fara ɗaure fuska. Ku saki ranku, ku saurara. Na ce zan ba ku labarin wani bawan Allah, ban kuwa yi ƙarya ba, don wanda ya halicce ku shi ya halicce shi. Lahirarsa ba a hannuna take ba. Abin da ya yi a duniya zan faɗa, kuma wallahi nauyin faɗarsa nake ji.

Nomau ya sha giya, irin shan da in gari ya waye hannu na rawa sai an kurɓa. Wata rana da rani ya bugu, ya kwanta a gindin rumbu da lofe a bakinsa. Rumbu uku suka ƙone ƙurmus, har da irin shuka. Shekarar nan da tafasa iyalinsa suka kai kaka. Daga ranar ya ce ya bari.

To, bari a wurin Maguzawa ba wasa ba ne. Biki giya, mutuwa giya, tsafin gida giya, gayyar noma giya. Wanda kuma ya shigo gari neman taimako, sai malamanmu su ce ya musulunta tukuna, sannan a yi magana. Sai ya koma da ƙishinsa. Da Nomau ya ga haka, ya kafa rumfa a bayan gidansa, ya ce duk mai son bari ya zo yadda yake. Ranar kasuwa suke zama, don ita ce ranar sha. Su jiƙa rama, su yi ta tufka igiya don hannu ya sami abin yi, kowa yana faɗin abin da giya ta yi masa. Kafin mutum ya fara, sai ya faɗi sunansa ya ce shi mashayi ne. Nomau kansa, shekara tara bai kurɓa ba, haka yake cewa. Dokarsu ɗaya: maganar rumfa ba ta fita rumfa.

A cikin gari kuwa akwai ladan, Malam Yusha'u, mai murya kamar me. Ciwon ciki ya dame shi, wani ya raɗa masa cewa burkutu magani ne. Ciwo ya warke, magani ya ƙi ƙarewa. Sai ya riƙa cewa za shi unguwar Maguzawa sayen kaji, ya zarce gidan Taroro mai dafa giya, ya dawo yana taunar goro da albasa. Kajin nan dai ba wanda ya taɓa ganinsu. Har ya taɓa kiran azahar sau biyu a rana ɗaya, mutane suka ce tsufa ne ya fara taɓa Malam.

Ku na baya, kuna ji? Wa zai gaya wa? Liman? Maƙwabci? Duk garin nan na musulmi, babu ƙofa ɗaya da zai ƙwanƙwasa ya ce ga halin da nake ciki, ya fito da mutuncinsa.

Wata rana da tsakar rana Nomau ya tsince shi kwance a bakin hanya, rawani gefe guda, takalmi gefe guda. Ya lulluɓe shi da bargonsa don kada a gane shi, ya goya shi zuwa ɗaki, ya dama masa kunun tsamiya. Da ya farfaɗo, kunya ta hana shi ɗaga kai. Nomau bai yi masa wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ranar kasuwa muna zama a bayan gida. Akwai rama."

Malam Yusha'u ya je. Mako uku yana tufka bai ce uffan ba. A na huɗu ya buɗe baki ya faɗi sunansa, ya faɗi sauran, yana kuka kamar yaro. Ba wanda ya dube shi, suka ci gaba da tufka har ya gama. Tun da shi kaɗai ya iya rubutu, sai ya riƙa zuwa da tawada yana rubuta maganganunsu da ajami: kada ka bi ta ƙofar Taroro ko da hanyar ta fi kusa, in ƙishin ya taso, tashi ka tafi inda mutum yake, wanda ya zame ya dawo, ba a tambayarsa dalili. In sabon mutum ya zo, sai ya karanta masa. Wata takwas bakinsa bai taɓa ƙwarya ba.

Sai damina ta yi tsakiya, ciyawa ta tasar ma gonar Nomau. Al'adarsu, mai gayya shi ke jera tulunan giya a bakin gona. Nomau ya kira gayya ya ce tuwo ne da kunu kawai. Danginsa suka yi dariya suka yi zamansu. Mutanen rumfa ne kaɗai suka zo, su bakwai, na takwas ɗinsu Malam Yusha'u, ya naɗe wando ya ɗauki fartanya. Masu zuwa itace suka hango shi. Kowa kuwa ya san abin da ake sha a gayyar Maguzawa. Kafin la'asar gari ya ɗauka: an ga ladan a gayyar giya. Jama'a, a duk ƙasar nan ita kaɗai ce gayyar da ba giya, ita ce kuma aka kama shi da ita.

Washegari aka taru a zauren mai gari, aka kirawo su duka biyu. Liman ya tambayi ladan me ya kai shi. In ya faɗi gaskiya, ladanci ya tafi, 'ya'yansa ba su ƙara ɗaga kai a garin. Ladan ya dubi ƙasa, ya ce ai Nomau ne giya ta kusa hallakawa, shi kuwa tausayi ya sa yake zuwa yi masa nasiha, ko Allah ya sa ya shiryu.

Subhanallahi. Mutumin da ya goya shi a baya.

Mai gari ya juya ya tambayi Nomau ko haka ne. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ga shaidu bakwai, ga takardu da rubutun Malam. Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mashayi ne. Malam kuwa, tun da ya fara zama a gidana, ko kurɓi ɗaya bai yi ba."

Ku duba da kyau, ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Aka yi ta sa wa ladan albarka, wani attajiri har ya ba shi sabuwar riga saboda ƙoƙarinsa. Nomau kuwa, sunan da ya shekara tara yana wankewa ya koma cikin taɓo. Masu sayen igiyarsa suka watse, suka ce igiyar mashayi ba ta riƙe guga.

Kasuwa uku Malam Yusha'u bai leƙa rumfa ba. Da wane ido? Kunyar ta yi ta cinsa, ita kuwa kunya in ta rasa inda za ta, gidan giya take kai mutum. Ranar kasuwa ta huɗu da hantsi ya kama hanyar gidan Taroro. Yana shan kwana sai ga Nomau zaune a kan kututture, rama a cinya, yana tufka. Ashe duk ranar kasuwa nan yake fara zama kafin ya tafi rumfa.

Malam ya tsaya. Ya ce, "Nomau, ka zage ni. Don Allah ka zage ni, ko na ji sauƙi."

Nomau ya yi murmushi ya ce, "Malam, a gaban mai gari ka ce ka zo ka shiryar da ni. To ga ni nan ban shiryu ba, ina za ka tafi ka bar aiki? Riƙe mini bakin igiyar nan."

Ya riƙe. Suka taka tare har rumfa, kuma bai ƙara sha ba har ya koma ga Allah.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da na ji daɗi. Malam Yusha'u ya ƙara shekara ashirin yana kiran salla, sau biyar a rana jama'a na taruwa a gabansa, bai taɓa miƙewa ya ce ku tsaya, na yi wa mutumin nan ƙarya ba. Kullum gobe. Har Nomau ya mutu gari na ce masa mashayi. Ranar da aka binne shi, Malam bai je ba, wai kada a yi magana.

Kuna mamakin inda na san wannan duka. Malam Yusha'u ne ya gaya mini da bakinsa, yana kwance ciwon ajali, ni ina da gemuna. Kakana ne, shi ya haifi mahaifina. Ni ma shekara goma sha ɗaya ina hawa wannan buzu ina yi muku wa'azi, ban faɗa ba sai yau.

Darasin a fili yake: wanda ya faɗi, riƙe shi ake yi, a rufa masa asiri, ko da naka mutuncin zai taɓu. Wanda kuma aka rufa wa asiri, kada ya bar mai rufa masa a rana. Yau a unguwar nan akwai mai shan ƙwaya, akwai mai shan maganin tari ba tari, wataƙila a sahun nan yake zaune. Ku tambayi kanku, in ya so bari, ƙofar wa zai je a cikinmu? In amsar babu, to mu ji kunya, don wanda ba ya fuskantar alƙibla ya buɗe tasa.

Ku zama shaida, na faɗa a madadin kakana: Nomau bai koma shan giya ba, mu ne muka yi masa ƙarya. Allah ya yafe wa kakana, ya yafe mini, ya rufa mana asiri, ya ba mu zuciyar rufa wa wani.