Hannun Gwamnati Har da Agogo

Wai Tanimu mai faci ya yi rubutu kan Ciyaman a dandalin sada zumunta, aka goge. Ya shiga yayata cewa gwamnati ta toshe masa baki. Ciyaman ya sa aka kawo shi gaban jama'a.

Ya ce, "Dandalin nan na kamfani ne. Nuna mini hannun gwamnati a ciki, ko ka kwana a caji ofis."

Tanimu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, yabonka fa na rubuta, maƙiyanka suka goge."

"Maƙaryacin banza! Da yabo ne zan buga waya in ce a cire?"

Tanimu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To ga hannun nan, ranka ya daɗe, har da agogonsa."