Shingen Ranau

A zamanin da ba a ɗora tubali ko ɗaya a Birnin Wangau ba, wurin kurmi ne baƙi ƙirin, bauna da giwa ke shan ruwa a tafkinsa. Wanda ya fara kafa bukka a nan wani maharbi ne daga arewa mai suna Ranau, tare da ƙanensa Tunau. Ranau dafi ba ka jiran magani, baƙin maharbi mai ja da bauna! An ce idan ya ɗana kibiya, tsuntsayen kurmin gaba ɗaya sukan yi tsit.

Jama'a suka biyo ruwa da nama. Maƙera suka sauka gabas da shi, marina suka haƙa ramukan rini a yamma, mahauta suka zauna kudu. Unguwar Maharba ta zama cibiya, kowace hanya a ƙofar Ranau take ƙarewa.

Wata bazara cutar agana ta shigo tare da fataken da Ranau ya sauke a zaurensa. Kafin a farga ta kwantar da gida bayan gida a Maharba, mutane suka fara ɗaure kaya za su fantsama cikin dangi. Ranau ya taɓa ratsa garin da agana ta cinye, ya san abin da gudun zai haifar. Ya sa aka saro ƙaya aka kewaye unguwar, da matarsa da 'ya'yansa a ciki, aka bar ƙofa ɗaya. Ya tsaya a bakinta da baka, ya yi shela cewa duk wanda ya ƙetare, da hannunsa zai harbe shi.

Maƙera suka riƙa ɗaura ƙoƙon tuwo a doguwar gora suna miƙowa ta saman ƙaya. Marina suka toshe ƙofofinsu masu duban Maharba, suka fasa wasu ta baya. Ranau ya binne matarsa, ya binne 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowane lokaci ya karkaɗe ƙasa ya koma bakin ƙofa.

Ran nan da hantsi Tunau ya zo saɓe da 'yarsa Tarana, ita kaɗai ta rage masa.

"Yaya, dube ta, ko ƙurji ɗaya babu a jikinta. Bari in kai ta wajen kakarta a Marina."

Ranau ya dubi yarinyar, zuciyarsa ta karaya. Amma a bayan Tunau ya hango mutane sun yi cirko-cirko da kayansu, suna jiran su ga abin da zai yi wa ɗan'uwansa.

Ya ce, "Koma, Tunau. Nawa ma a nan na binne su."

Tunau ya ratsa ta gefensa ya fita. Ranau ya kira sunansa, ya sake kira, bai waiwayo ba. Kibiyar ta same shi a gadon baya. Ranau ya janyo gawar ciki, ya ɗauko yarinyar tana ta kuka. Daga ranar ba wanda ya sake kusantar ƙofar.

Da damina ta faɗi cutar ta lafa, ba ta ƙetare shingen ba. Mahauta ne suka fara shiga, suka binne waɗanda suka rasa mai binne su. Ranau ya karya bakansa, bai ƙara zama cikin taro ba har ya mutu. Tarana kuwa ta tsufa fuskarta sumul, agana ba ta taɓa kama ta ba, kuma ba ta sake kiran Ranau baffa ba.

Busasshiyar ƙayar nan ta yi saiwa ta tofo. Har yau Maƙera ne masu kai tuwo gidan mara lafiya, ƙofofin Marina yamma suke duba, kuma duk kabarin da za a haƙa a Wangau, mahauta ke haƙa shi. Tsakiyar birnin kuwa fili ne cike da ƙaya, ba gida ba rumfa. Kowa na ratsa shi zuwa kasuwa, ban da jikokin Tarana. Su zagayawa suke yi.