Ɗalibin Da Bai Ji Komai A Ƙirjina Ba

An yi wani mutum, bawan Allah, ɗalibin likita ne a wani babban asibitin koyarwa, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Yau in ka ambace shi a can, kowa sai ya ce ai tun yana ɗalibi ya ga alama. Ƙarya suke yi. Ni na fara ganinsa. Kafin malamansa su san abin da suke riƙe da shi, ni Tanimu mai haƙar rijiya, wanda bai taɓa zama a aji ba, na riga na gane shi, kuma a kan ƙirjina aka gwada shi. Ku saurara.

Shekarar nan amai da gudawa suka kayar da ni. Ni da rijiya ta rufta da ni sau biyu na fito da ƙafata, ni da kububuwa ta sare ni a Fadamar Gwauro na kwana ina waƙa, sai ga shi ruwan ciki ya mayar da ni kamar busasshen kara. Aka kai ni ɗakin maza na masu ciwon ciki da zuciya, gado kusan talatin, aka ba ni na can ƙurya jikin taga. Kwana huɗu ana ɗura mini ruwa ta jijiya, leda na ƙarewa ana rataya wata.

A gado na uku daga bakin ƙofa akwai wani tela, Haladu, bai fi shekara arba'in ba. Zuciya ce ke damunsa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, ba ya iya kwanciya sai a jingine, numfashi kuwa kamar wanda ya hau dutse da buhu. Ranar Litinin da safe, lokacin da nas-nas ɗin dare ke miƙa aiki ga na safe, na taso daga banɗaki ina dafa gadaje, sai Haladu ya kama hannuna. Ya ce Baba Tanimu, don Allah, iska ba ta zuwa nan, in zan yarda mu yi musayar gado ko na wuni ɗaya ne. Na dube shi, na ce mene ne gado? Na kama shi muka lallaɓa har taga, ni kuma na dawo na miƙe a nasa.

To ga abin da ban sani ba. Kowane gado akwai fayil rataye a wajen ƙafa, a ciki aka rubuta sunan mutum da ciwonsa da maganinsa. Mu muka tashi, fayil bai tashi ba. Da na lura da haka na yi niyyar magana, amma Sista babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta riga ta yi gargaɗi tun ranar da aka kawo ni, cewa duk wanda ya canza gado ba da izini ba, ranar zai koma gida. Ba tsoronta na ji ba, kada ku ɗauka haka. Na dai ce a raina in an jima ma yi musaya mu koma, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Wajen ƙarfe goma sai ga Farfesa, babban likitan ɗakin, wanda ya yi tafiya tun kafin a kwantar da mu, ranar ya dawo. Bayansa ƙaramin likita riƙe da biro, da ɗalibai takwas cikin fararen riguna, su ma ranar aka turo su ɗakin. Cikinsu duka babu wanda ya san fuskata. Suka duba gado na ɗaya, suka duba na biyu, suka tsaya a kaina. Farfesa ya buɗe fayil, ya karanta, fuskarsa ta saki kamar maharbin da ya ga sawun barewa. Ya yi musu Turanci mai tsawo, sannan ya juyo ya ce da ni da Hausa, Baba a buɗe ƙirji, yaran nan za su ji wani huci da zuciyarka ke yi, irin na zugazugin maƙera, wanda ba kullum ake samunsa a fili haka ba.

Na buɗe riga dai.

Na farko ya zo ya ɗora mini abin sauraron nan nasu, sanyi ƙalau, bai ko ce sannu ba. Ya ɗan runtse ido, ya ɗago ya gyaɗa kai. Na biyu ta zo, ta gyaɗa kai. Na uku har da kwaikwayon ƙarar da bakinsa, Farfesa ya ce madalla. Ina kwance ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, mutum bakwai, kowa ya ji hucin zuciyar Haladu a cikin ƙirjin Tanimu. Har na fara tunanin ko dai ni ma ina da shi ban sani ba. Ku ji fa, ni da zuciyar ke jikina, sai da suka sa na yi shakka.

Sai na ƙarshe ya matso. Dogo ne siriri, wuyan rigarsa ya ɗan tsufa, daga baya na ji sunansa Lurwanu. Ya yi mini sallama, ya murza bakin abin a tafin hannunsa har ya yi ɗumi, sannan ya ɗora. Tun a nan na ce wannan daban ne. Ya saurara nan, ya matsa can, ya ce in juya gefen hagu, ya ce in riƙe numfashi. Ya daɗe. Gumi na ɗigowa daga haɓarsa. Ya ɗago ya faɗi wata gajeriyar magana da Turanci.

Farfesan nan in ransa ya ɓaci Hausa yake komawa, shi ya sa na ji sauran da kunnena. Ya ce a sake. Lurwanu ya sake sunkuyawa, ya daɗe fiye da na farko, ya ɗago ya ce:

“Ranka ya daɗe, ban ji ba.”

Farfesa ya tambaye shi ko ba shi ne wanda ya maimaita shekara ba. Ya ce shi ne. Farfesa ya ce to ya sani, in shi Farfesa bai sa masa hannu a littafinsa ba babu shiga jarrabawa, kuma wanda ya riga ya maimaita in ya rasa wannan, makaranta ta gama da shi. Ya ce mutum bakwai sun ji abin da kurma ma zai ji, yana so ya saurara karo na uku ya gaya masa gaskiya.

Wata ɗaliba a bayansa ta taɓa shi da gwiwar hannu. Wani ya yi masa raɗa, na ji da kunnena, ya ce kai ka ce ka ji mana a wuce wurin. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, da ya sunkuyo na ce masa a hankali, ɗana ka ce ka ji. Na ga shekara shida na karatun yaron mutane za su zube saboda taga. Bakina ya yi nauyi in faɗi abin da na yi, ga Sista can nesa tsaye da hannu a ƙugu, amma bai yi nauyi wajen koya masa ƙarya ba. Wannan ina faɗa muku ne don ku san ba na ɓoye nawa.

Ya saurara karo na uku. Da ya miƙe sai ya ce:

“Ranka ya daɗe, ƙila kunnena ne bai iya ba. Bugu biyu nake ji, lafiyayyu. In na ce na ji huci na yi maka ƙarya.”

Ku lura da wannan wuri da kyau. Yaron nan bai san an yi musayar gado ba. A ransa ya yarda shi ne daƙiƙi, sauran bakwai ne masu kunne. Bai tsaya don ya san yana da gaskiya ba. Ya tsaya ne don bai ji ba, kuma ba zai ce ya ji ba.

Farfesa ya rufe fayil, ya ce ya fita daga zagayen duba marasa lafiyan, ya same shi ofis ranar Laraba. Ya duba agogo, ya ce wa ƙaramin likita a ci gaba da allurar da ke jikin fayil, a ƙara ta ma, suka wuce gado na huɗu. Allurar nan ta matse ruwa ce daga jiki ta hanyar fitsari. Ni da aka kwana huɗu ana zuba mini ruwa don kada ƙodata ta tsaya, ita za a yi mini. Wata nas ta tafi haɗo ta. Can ƙurya kuma ina hangen wata ta rataya wa Haladu ledar ruwana ta safe, ta buɗe ta tana gudu. A zatona ruwa ai ruwa ne, me zai yi wa mutum? Ban san mai irin ciwonsa ruwan nan a huhu yake taruwa ya shaƙe shi ba.

Lurwanu ya kai bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Da wani ne, da ya wuce ya je ya nemi inda zai yi kuka. Shi sai ya tuna ya bar tsoho da riga a buɗe. Ya dawo, ya durƙusa yana ɓalla mini maɓalli, ya leƙa bangon fayil don ya kira ni da suna.

“Baba Haladu, ka yi haƙuri, na daɗe ina danna ka.”

A nan ne abin ya fi ƙarfina. Na ce:

“Likita, ni ba Haladu ba ne. Tanimu nake. Ga Haladu can jikin taga.”

Ya dube ni. Ya yaye zanen da na rufa, ya danna ƙaurina da babban yatsa, ƙafa a bushe kamar sandar makiyayi. Ya buɗe fayil ya ga shekara arba'in, ya dubi furfurata. Ya ɗaga kai ya hango ledar ruwa a kan Haladu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Nas mai allurata ta iso da tire, ya ce mata don girman Allah kada ta taɓa ni, ya kwasa da gudu tsakanin gadaje, ya bi ta gefen Farfesan da ya kore shi yanzu-yanzu, ya je ya toshe ruwan.

Kusan rabin leda ta shiga. Haladu na zaune ya dafe ƙarfen gado, ido waje, numfashinsa na ƙara kamar ana tafasa ruwa a tukunya, kumfa a gefen baki. Daga inda nake ina jin sa. Farfesa ya taho a fusace zai yi faɗa, Lurwanu ya gaya masa cikin kalma kaɗan, sai na ga dattijon nan ya jefar da fayil ɗin hannunsa. Aka kawo tukunyar iska, aka yi wa Haladu allurar da aka so a yi mini, aka ja labule. Na fi sa'a ɗaya ina kallon labulen nan. Rijiyar da ta rufta da ni ban ji abin da na ji ranar ba, don a rijiya raina ne kaɗai, nan kuwa na wani ne, mai 'ya'ya biyar, kuma da hannuna na kai shi tagar. Na yi salati har harshena ya gaji.

Bayan azahar aka yaye labule. Haladu na jingine, ya galabaita, amma numfashin ya sauka. Ya ɗaga mini hannu.

Farfesa ya dawo gadona da ɗalibansa. Ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjina da kansa, ya saurara, ya ce Baba zuciyarka ta doki ce. Na ce na sani. Ya juya ga bakwai ɗin nan, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya me suka ji ɗazu. Mai kwaikwayon ƙara da baki kamar ƙasa ta tsage ya shige. Farfesa bai zage su ba. Ya ce laifin farko nasa ne, da ya karanta takarda bai dubi mutum ba, kuma ya gaya musu abin da za su ji kafin su saurara. Sannan ya ce Lurwanu ya kawo littafinsa. A kan ƙafata Farfesa ya ɗora shi ya sa hannu. Sista kuwa ta wanke ni tas a gaban jama'a, na kuwa san ina da laifi, amma ba ta kore ni ba, sai da na warke na fita da ƙafata kamar yadda na saba.

To jama'a, abin da nake so ku riƙe ke nan. Wanda bai ji ba ya ce bai ji ba, wanda bai gani ba ya ce bai gani ba, ko da duniya duka ta gyaɗa kai, ko da abincinsa ne a kan faɗar. Mutum bakwai masu ilimi suka ce sun ji don kada a raina su, ni na yi shiru don kada a kore ni, saura ƙiris mu haɗu mu kashe tela. Ku kuma fa? Sau nawa aka kira ku shaidar iyakar gona kuka ce haka ne, don kun ga mai unguwa ya riga ya ce haka ne? Sau nawa aka ce wane ɓarawo ne kuka ce ai kun sani, alhali ba ku taɓa ganinsa da kayan kowa ba? Ana nuna sama a ce ga jinjirin wata, ku ce kun gani, ido bai ga komai ba. Kuna ganin kamar ƙaramin abu ne, gyaɗa kai kawai. Akwai wanda ke can jikin taga yana shan ruwan gyaɗa kanku. Ku ji tsoron Allah ku koyi cewa ban ji ba, ban gani ba, ban sani ba. Ba ta rage mutum.

Ina ganin wasunku a baya suna murmushi, wai tsoho ya ƙara gishiri. To ga ni zaune, ba inda za ni. Duk wanda ke ganin ƙarya na yi, ya je ya ɗauko likitan da ya fi yarda da shi, ya zo da abin sauraronsa nan gaban jama'a, ni zan buɗe rigar da kaina. In ya ji huci a ƙirjin nan, ku daina gaishe ni.