Ranar da Hajjo Ta Ƙi Yin Waƙa Ita Kaɗai

Akwai wata mata a Sara, ƙasar Gwaram, ana kiranta Hajjo. Zamanin da arzikin man fetur ya fara shigowa ne, lokacin akwatin talabijin ko a Birnin Kudu sai gidan wane da wane.

Hajjo ce mai ba da waƙa a wurin daɓe. In an gina sabon ɗaki, mata kan taru da madaɓai, a yayyafa ruwan makuba, su yi ta dukan ƙasa har ta kwanta sumul. Hajjo ta ba da baiti, sauran su amsa, madaɓi na sauka tare da amshi. Ita da Batulu da Hapsatu da sauran, tun suna 'yan mata suke wannan aiki, har furfura ta fara leƙo su.

Sai rediyo ta yi shelar wata gasar waƙa ta ƙasashe da za a nuna a talabijin, ana neman wanda zai tafi da sunan ƙasa. Da masu zaɓen mawaƙa suka sauka Birnin Kudu, matan Sara suka zo da madaɓansu ƙunshe a zane, jama'a na ta dariya. Suna durƙusawa suka fara, dariya ta koma ciki. Aka ce su wuce zagayen ƙarshe a babban birni.

A can suka haɗu da mai tsara shirin, Malam Sada, mutumin da ko gaisuwa da hanci yake amsawa. Ya dube su sama da ƙasa, ya ja Hajjo gefe.

"Inna, muryarki muke so. Waɗannan su koma gida. Duniya za ta kalle mu, fuskokinsu ba na talabijin ba ne. Ga samari nan da jita."

Hajjo ta ce, "Ɗan nan, kai ka taɓa ganin an yi daɓe da madaɓi ɗaya?"

Ya ce, "Ko ki hau dandali ke kaɗai, ko in cire sunanki."

Batulu da ta ji, ta matso. "Ki je, Hajjo. Mu dai a ce 'yar Sara ta hau jirgi, ya ishe mu."

Maganar nan ta fi ta Sada yi wa Hajjo ciwo. Tana son jirgin, ba ƙarya, har mafarkinsa ta yi. Amma a kunyata Batulu, Batulu kuma ta yi mata fatan alheri? Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ranar gasar, aka karɓe madaɓan, aka zaunar da sauran matan a baranda, aka rufe ƙofar zauren. Hajjo ta hau dandali. Fitilu suka haske ta, ana nunawa kai tsaye. Samari suka saki jita.

Ta ɗaga hannu, sai da suka yi shiru. Sannan ta buɗe murya:

"Ƙasa ki kwanta, masu ɗaki sun zo!"

Ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta tsaya.

Sada na ta yi mata alama ta ci gaba, gumi ya jiƙa masa kwala. Hajjo ko gezau. Ta dubi na'urar ɗaukar hoto ido cikin ido ta ce, "Ina jiran amshi ne. An rufe min shi a waje."

Daga bayan ƙofa sai aka ji muryar Hapsatu, sauran suka bi:

"Ayye, ko ta ƙi sai ta kwanta!"

Ba madaɓi, sai suka tuɓe takalmansu suna dukan siminti da su. Hajjo ta sake bayarwa, suka sake amsawa. Kafin baiti na uku 'yan kallo sun kama amshin, suna buga ƙafa, zauren na rawa. Wani dattijo cikin alƙalai ya tashi da kansa ya buɗe ƙofa.

Matan suka shigo ƙafa ba takalmi, Batulu na share hawaye da gefen mayafi. Hajjo ta ja ta zuwa tsakiyar haske, daidai inda kowa zai ga fuskar da kyau.

Su aka zaɓa, dukkansu. Sada ne ma aka sa ya ɗauko musu madaɓansu.

Darasi: Duk ɗaukakar da sharaɗinta shi ne ka zubar da waɗanda kuka sha wuya tare, ka ce ba ka so, ko da za ka rasa ta. Ka tura wa wanda ya taɓa amsa maka lokacin da kowa ya yi shiru.